Yadda Ake Gane Na'urar Tsotse Ƙura Mai Ƙarfin Gaske: Daga Lambobin Kwali Zuwa Gwaji a Kan Kafet

Lambar da aka fi rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwalin na'urar tsotse ƙura ita ce ta wat: 1,400, 1,800, 2,200. Mai saye ya ga babbar lamba sai ya ɗauka ya yi dace. Alhali kuwa wannan lamba wutar da injin ke sha daga soket kawai take nunawa. Nawa ne daga cikin wutar ya koma iska mai kwashe datti, nawa ya salwanta a zafi da ƙara, kwalin bai faɗa ba. Ana samun na'ura mai wat 700 ta yi wa mai wat 2,000 fintinkau a kan kafet ɗaya. Shi ya sa kwatanta na'urori biyu yake buƙatar bin matakai, wasu a kan takarda, wasu kuma a ƙasa, da sikeli da yashi.

Mataki na farko: rarrabe ƙarfin zuƙa da yawan iska

A cikin na'urar akwai inji mai juya fanka. Fankar tana kora iska waje, matsin iskar da ke ciki ya ragu, sai iskar ɗaki ta kutsa ta bakin tiyo don ta cike gurbin. Wannan iska mai kutsawa ita ke ɗauke ƙura. In iska ba ta tafiya, datti ma ba ya tafiya, komai ƙarfin injin.

Daga nan ma'aunai biyu suka fito. Na ɗaya shi ne ƙarfin zuƙa, wato yawan ragin matsin da injin zai iya yi idan aka toshe bakin tiyo ruf. Ana rubuta shi da paskal, Pa, ko kilopaskal, kPa, wanda shi ne paskal 1,000. Amurkawa kan rubuta shi da inci na ruwa, ma'ana tsayin da na'urar za ta iya jawo ruwa sama a cikin siririn bututu. Inci ɗaya na ruwa kusan paskal 249 ne, don haka kPa ɗaya ya kama inci 4 ke nan. Matsin iskar duniya a bakin teku kusan kPa 101 ne, na'urar gida mai waya kuwa abin da take ragewa a kewayen kPa 20 yake.

Na biyu shi ne yawan iskar da ke ratsa na'urar a cikin sakan ɗaya idan bakin a buɗe yake. Ana rubuta shi da lita a sakan, ko da haruffan CFM a kayan Amurka. CFM ɗaya lita 0.47 ne a sakan, sai ka raba lambar biyu ka samu abin da ya yi kusa.

Ka ɗauki mai jan ruwa a rijiya. Nauyin gugan da zai iya jawowa abu ne daban, yawan gugan da yake fitarwa a minti ɗaya abu ne daban. Randa ba ta cika sai an haɗa biyun. Haɗin nan a na'urar shara shi ake kira wat na iska, ana taƙaita shi da AW. Lissafinsa mai sauƙi ne: kPa sau lita a sakan. Idan da ma'aunin Amurka kake aiki, ka ninka inci na ruwa da CFM, ka raba da 8.5. Cikin duk lambobin da ke kwali, wannan ce ta fi kusa da gaskiyar aiki.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma mutane da yawa na faɗawa. Kwali ya ce kPa 20, ya ce lita 30 a sakan, mutum ya ninka ya samu 600, ya ce na'urar tana da AW 600. Ba haka ba ne. Lambar kPa 20 an same ta ne lokacin da baki ke toshe, iska ba ta motsi ko kaɗan. Lambar lita 30 kuma an same ta ne da baki a wangale, lokacin da zuƙa ta kusa sifiri. Ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya. Wat na iska yana kai ƙololuwarsa ne a tsakani, kuma a irin wannan misali abin da za ka samu bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na waccan 600 ba. In kamfani bai rubuta AW ba, ka yi wannan ƙiyasi ga na'urorin biyu iri ɗaya, ka ɗauke shi a matsayin hasashe kawai.

Wannan bayani shi ke tona asirin tallan da ake nuna na'ura ta ɗaga ƙwallon bolin, wato ƙwallo mai nauyi da ake gangarawa a wasa don kayar da sanduna. Mafi nauyin wannan ƙwallo kilo 7 ne da 'yan kai. Idan aka sa mazurari mai faɗin santimita 10 a bakin tiyo, zuƙar kPa 20 za ta riƙe kusan kilo 16, ta kPa 10 ma za ta riƙe kilo 8. Ke nan na'ura mai rauni ma za ta ɗaga ƙwallon. Abin burgewa ne a ido, amma ko ƙwayar yashi ɗaya bai ce za a cire daga kafet ba.

Mataki na biyu: a ina aka auna, kuma a wane hali?

Ko AW ɗin ma ba a karɓarsa ido rufe. Wani kamfani a bakin injin yake aunawa, kafin a haɗa jakar ƙura da filta da tiyo. Wani a ƙarshen tiyo. Tsakanin wuraren biyu ana asara mai yawa, domin kowace lanƙwasa, kowane mahaɗi mai yoyon iska, da kowace filta suna cin rabonsu. Ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasan kwali ko cikin littafin na'urar. Idan an ambaci ƙa'idar gwaji irin ASTM F558 ko IEC 62885, aƙalla ka san an bi wata hanya sananniya. Idan na'ura ɗaya ta ambaci ƙa'ida, ɗayar kuma ta jefo lamba tsirara, kada ka jera su kafaɗa da kafaɗa.

Haka nan paskal ɗin da ake tallata mutum-mutumin shara da shi, wancan faifan da ke yawo a ɗaki shi kaɗai. Za ka ga Pa 4,000 ko Pa 8,000, lambar ta cika ido, amma kPa 4 ne da kPa 8 kawai. Kwatanta shi da ɗan'uwansa mutum-mutumi ya halatta. Kwatanta shi da na'ura mai waya ɓata lokaci ne.

Tambaya mafi nauyi ita ce: da jaka fanko aka gwada, ko da ƙura a ciki? Wannan batu har kotu ya kai. Tarayyar Turai ta fito da takardar shaidar cin wuta da ake mannawa a jikin na'urorin shara daga Satumbar 2014, mai rarraba su aji-aji. Kamfanin Dyson ya ƙalubalanci tsarin, yana cewa gwaji da jaka fanko ba ya nuna yadda na'ura ke aiki a gidan mutane. A Nuwambar 2018 kotun Tarayyar ta soke dokar takardar, aka daina amfani da ita a farkon 2019. Ba sai ka goyi bayan wani kamfani ba kafin ka ga gaskiyar maganar: ba wanda ke shara kullum da sabuwar jaka. Ƙura mai laushi tana toshe ƙofofin jakar, iska ta ragu tun kafin jakar ta cika. Na'ura marar jaka, mai juya iska kamar guguwa ta watsar da ƙura gefe, takan riƙe ƙarfinta tsawon lokaci idan an ƙera ta da kyau. Idan kuwa guguwar ta jeka-na-yi-ka ce, ƙurar takan wuce kai tsaye ta liƙe a filta, sai ta fi mai jaka saurin shaƙewa.

Mataki na uku: kifa kan sharar ka duba cikinsa

A ganina nan ne aka fi yin sakaci. Kan da ke taɓa ƙasa shi ke yanke hukunci, musamman a kafet. Yashi yakan nutse can gindin zare, iska kaɗai ba ta fito da shi sai buroshi mai juyawa ya kaɗa zaren ya tayar da shi. Buroshin iri biyu ne. Akwai mai ɗan injinsa na lantarki, akwai wanda iskar na'urar ce ke juya shi. Na biyun daga ƙarfin zuƙa yake ci, kuma yakan tsaya cak idan kafet ta yi kauri ko jaka ta fara cika. In gidanka kafet ce ta fi yawa, na'ura mai matsakaicin AW da buroshi mai inji za ta fi mai babban AW da kai marar buroshi.

A tayil ko siminti kuma labarin ya juya. Buroshi mai tauri yakan watsa tsakuwa baya, ya kuma karce daɓe mai sheƙi. Abin da ake so a nan shi ne kai mai laushi, ko maɓallin kashe buroshi, da ɗan tsagi a gaba wanda manyan tarkace za su shige maimakon a dinga tura su.

Ka kuma sani zuƙa tana iya yin yawa. Idan kan ya manne wa darduma har sai ka yi nishi kafin ka tura shi, iska ta daina wucewa, shara ta tsaya. Ƙaramar taga da ake zugewa a mariƙin tiyo don haka aka yi ta.

Mataki na huɗu: gwajin da za ka yi da hannunka

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan kana da halin haɗa na'urorin biyu wuri ɗaya, ta aro ko a wurin da ake bari a gwada, rabin awa ya isa ka san abin da kwali ba zai taɓa gaya maka ba. Kana buƙatar ƙaramin sikeli mai auna giram, busasshen yashi da aka tankaɗe, tef na manna alama, da agogon waya. Kada ka yi gwajin da toka, garin siminti ko garin filasta. Laushinsu ya yi yawa, sukan toshe filta nan take, wani lokaci su kai ga inji.

Fara da share kafet ɗin sosai, har sai ba abin da ke fitowa. In ka tsallake wannan, tsohuwar ƙura za ta shiga lissafi ta ba na'urar farko maki na banza. Sannan ka shata layi biyu da tef, kowane tsawon mita ɗaya, faɗinsa daidai da faɗin kan na'urar da za ta bi shi. Idan kan ɗaya ya fi faɗi, ka yi layukan biyu daidai da ƙaramin.

Auna yashi giram 100 ga kowane layi, ka barbaɗa shi ko'ina daidai, ka bi da tafin takalmi ko wani abu mai nauyi ka danna shi ya shige zare. Yashin da ke kwance a sama kowace na'ura za ta kwashe, wanda ya nutse shi ne jarrabawar. Cire jakar ko mazubin ƙurar kowace na'ura, tare da filtar farko, ka auna nauyinsu ka rubuta.

Yanzu ka yi shara: gaba da baya sau biyar, ba ƙari. Masu gwaji a ɗakunan bincike ma zuwa da dawowa biyar suke yi, da saurin rabin mita a sakan. Wato layinka na mita ɗaya sakan biyu zuwa, sakan biyu dawowa. Za ka ji kamar kana jan ƙafa, domin yawancinmu da gaggawa muke shara. Kada ka danna kan da ƙarfi, ka bar nauyinsa ya yi aiki. Bayan zagaye na biyar ka ɗaga kan sama ka bar injin ya yi 'yan sakanni yana aiki, don yashin da ke cikin tiyo ya ƙarasa. Sake auna jakar da filtar. Bambancin nauyin shi ne makin na'urar cikin ɗari.

Maimaita sau uku, kana musanya layukan, ka ɗauki matsakaici. Idan tazarar ba ta wuce giram biyu ko uku ba, ka ɗauka kunnen doki ne, domin hannunka da sikelinka ba su kai ga rarrabe wannan ba.

Zagaye na biyu ya fi na farko faɗin gaskiya. Ka ba kowace na'ura ƙurar gida ta gaske, wadda aka juye daga wata jaka, har mazubinta ya kai rabi, sannan ka sake gwajin yashin. A ce ta farko ta samu 80 tana fanko, ta faɗo 62. Ta biyu ta fara da 74, ta tsaya a 71. Ta biyun ce za ka zauna da ita lafiya, ko da ta sha kaye a zagayen farko.

Saura ƙananan gwaje-gwaje da ba sa cin lokaci. Zuba yashi a jikin bango ka bi da gefen kan, dama da hagu, domin wasu kawunan gefe ɗaya kawai suke kamawa. Zuba shi a tsagin da ke tsakanin tayil. Baza dogon gashi ko zare a kafet, ka share, ka kifa kan ka ga nawa ya naɗe a buroshi.

Abu ɗaya da ke ɓata sakamako ba tare da an lura ba shi ne wutar kanta. Idan ƙarfin lantarki ya yi ƙasa, injin ba ya kai gudunsa. Ka gwada na'urorin a soket ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ba a kan doguwar wayar ƙari mai siriri ba. Masu batir kuma a cika su caji tukuna.

Wanda ke son lambobi na iya ƙarawa da awo biyu. Agogon auna zuƙa, irin wanda makanikai ke amfani da shi, idan aka toshe bakin tiyo da shi zai ba da kPa. Kada toshewar ta wuce 'yan sakanni, domin a yawancin na'urorin gida iskar da ke wucewa ita ke sanyaya injin. Don auna yawan iska kuma, sai ka haɗa tiyon da bututu mai faɗin santimita 10, ka sa ƙaramar na'urar auna gudun iska a bakinsa. Idan ta nuna mita 3.5 a sakan, ka ninka da 7.85, ka samu kusan lita 27 a sakan. Gwajin jawo ruwa a bututu kuwa ka bar shi. Zuƙar kPa 20 tana ɗaga ruwa mita biyu, kuskure kaɗan ruwan ya shige injin da ba a yi shi don jiƙa ba.

Mataki na biyar: nawa ta sha kafin ta gama aikin?

Ingancin inji a takarda shi ne AW a raba da wat ɗin da yake sha. Na'ura mai wat 900 da AW 270 tana mayar da kashi 30 cikin ɗari na wutarta iska mai aiki. Mai wat 2,000 da AW 300 kashi 15 kawai take mayarwa, sauran ɗumama ɗaki take yi da shi. Da wuya ka ga wadda ta kai rabi.

Amma ma'aunin da ya shafe ka shi ne wutar da aka ci kafin ɗaki ya tsabtata. Ka ninka wat da mintunan aiki ka raba da 60. Mai wat 1,800 da ta gama a minti 20 ta sha wat-awa 600. Mai wat 700 da ta ɗauki minti 25 ta sha kusan 292, ƙasa da rabi. Idan kana da ƙaramar mitar da ake sokawa tsakanin soket da filogi, yi amfani da ita, domin abin da na'ura ke sha a zahiri yakan gaza lambar kwali.

Cewa ƙaramin wat ba ya nufin rauni, Turai ta riga ta gwada shi a fili. Daga 1 ga Satumba 2014 dokar Tarayyar ta hana shigo da sababbin na'urorin gida masu waya da suka kai wat 1,600 kasuwa, daga Satumbar 2017 aka sauko da iyakar zuwa 900. Dokar ba ta tsaya a wat ba. Ta ce dole na'ura ta kwashe aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ƙurar gwaji a kafet, ƙurar da take mayarwa ɗaki kada ta wuce kashi ɗaya, ƙararta kada ta haura desibel 80 a ma'aunin ƙara, injinta kuma ya iya aikin awa 500. Wannan doka daban take da ta takardar da kotu ta soke. Ko ba a Turai kake ba, waɗannan lambobi sun isa zama ma'aunin da za ka riƙe.

Ga masu batir, lissafin ya koma kan wat-awa na batirin: bolt sau amfiya-awa. Batir mai bolt 21.6 da amfiya-awa 2.5 yana ɗauke da wat-awa 54. Idan a matakin ƙarfi na ƙarshe na'urar tana shan wat 400, minti 8 ne ta mutu. Idan a mataki na ƙasa wat 60 take sha, za ta yi kusan minti 54. Ga inda dabarar talla take: AW ɗin da aka rubuta na matakin ƙarshe ne, mintunan da aka rubuta kuma na matakin ƙasa ne, galibi ba tare da buroshi mai inji ba. Ba za ka samu biyun tare ba. Ka kwatanta su a matakin tsakiya, wanda da shi za ka yi yawancin shararka. Kada kuma bolt ya ruɗe ka. Batirin da wani ya rubuta 25.2, wani ya rubuta 21.6, sau da yawa ƙwayoyi shida ne iri ɗaya: ɗaya ya faɗi ƙarfinsu suna cike da caji, ɗaya ya faɗi na yau da kullum.

Mataki na shida: abin da ke fita ta baya

Na'urar da ta kwashe yashi ta feso ƙura mai laushi cikin iska ta yi rabin aiki, kuma mai asma shi zai fara sani. A ƙa'idar Turai ta EN 1822, filtar HEPA, wato mai tace ƙura mafi laushi, ajin H13 tana tare kashi 99.95 cikin ɗari na ƙwayoyin da suka fi wuyar kamawa, H14 kuma 99.995. A Amurka ma'aunin shi ne kashi 99.97 na ƙwayoyi masu girman maikron 0.3 (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Rubutun da ya ce "irin HEPA" ba tare da aji ba, ba alkawarin komai ba ne. Filta mai kyau a jikin da ke yoyo ma aikin banza ce. Ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila a mahaɗan jikin na'urar tana cikin shan ƙura. In akwai yoyo za ka ga ƙurar tana tashi cikin hasken.

Game da ƙara, ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar biyu, don haka tsakanin 70 da 80 akwai tazara sosai. Ƙara kuma ba shaidar ƙarfi ba ce. Hasali ma idan tiyo ya toshe, muryar injin sama take yi, saboda fankar ta rasa iskar da za ta tura sai ta ƙara gudu.

Idan tsohuwarka kake kwatantawa da sabuwa

Kafin ka yanke wa tsohuwar na'ura hukunci, yi mata adalci. Cire tiyon ka jefa ƙaramin kuɗin ƙarfe ta baki ɗaya, in bai faɗo ta ɗayan ba akwai toshiya. Lanƙwasa tiyon gaɓa-gaɓa injin yana aiki, ka saurari shewar tsagewa. Yanke gashin da ya naɗe buroshi, duba bel ɗin da ke juya shi ko ya saki, duba robar murfin mazubi ko ta taurare. Sa sabuwar jaka. Idan filtar mai wankuwa ce, ka wanke ta da ruwan sanyi zalla, ka bar ta aƙalla awa 24 ta bushe ƙarau kafin ka mayar, domin ɗanyar filta tana toshe iska, tana wari, tana kuma iya kashe inji. Bayan nan sai ka shata layukanka biyu, ka auna yashin.